Gorar Tuƙi a Bakin Gudro

Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyar da ƴan aji ɗaya, goma sha tara daga cikinsu a wata lakwal ta garin Gaya wadda ƙofarta ke kallon babban gudro, wato titin kwalta. A tsawon wannan lokaci direktoci bakwai sun zo sun wuce a gabana, wasu da alheri, wasu da surutu kawai. Amma da za a ce in ambaci mutum guda wanda lakwal ɗin nan ke tinƙaho da shi, ba mai takardar shaida zan ambata ba. Gardinmu mai gadin ƙofa zan ambata, Sumana, wanda yara da iyayensu ke kira Baba Sumana.

Wanda bai san wurin ba sai an kwatanta masa. Gudron da ya taso daga Doso yakan gangaro cikin gari ya nufi gadar Malanbil, kuma a shekarun da nake magana a kai kamiyoyin Kwatano, manyan motocin kaya, ba sa yankewa a kansa, masu hawa da kaya, masu sauka wayam. A tsakaninsu ƴan kabu-kabu ke kurɗawa, ga amalanken jakai, ga shanun da ake korawa kasuwa. Lakwal tana gefe guda, unguwar da mafi yawan yaranmu ke fitowa tana ɗaya gefen. Ke nan yaro ɗan shekara shida sai ya ƙetare wannan hanya sau huɗu a yini kafin ya koyi rubuta sunansa.

An haifi Sumana a wata tunga kusa da Tunuga, a gidan masu fito. Mahaifinsa, Isa, shi ke ƙetarar da mutanen ƙauyukan nan zuwa kasuwannin hayi a cikin jirgin katako, kuma tun Sumana yana ɗan shekara goma aka ɗora masa gorar tuƙi a hannu. Ya ɗauki mata da buhunan shinkafa, ya ɗauki Fulani da ƴan maruƙansu, ya ɗauki marasa lafiya a kwance. Ya kai shekara arba'in yana wannan sana'a. Da jirage masu inji suka yawaita, kafaɗunsa kuma suka fara yi masa gardama, sai ya tattara iyalinsa ya dawo Gaya, aka ɗauke shi gadin lakwal. Bai zo da komai daga kogi ba sai gorarsa, doguwa, wajen kamu takwas, ta yi baƙi ta yi santsi a inda hannu ke riƙewa.

Aikinsa buɗe ƙofa ne da rufewa, da shara, da korar awaki daga shukokin yara. Babu wanda ya sa shi ƙetarar da kowa. Sati guda ya yi yana kallon yara suna sheƙawa tsakanin motoci kamar ƴan tsaki, ran Litinin ta biyu sai muka gan shi a hayin gudro da gorarsa. Yakan riƙe ta a kwance, shi a gefen da motoci ke tahowa, yara kuma su jeru kowa ya kama da hannu ɗaya. Ba ya ɗaukar fiye da goma sha biyar. Yakan ƙirga su da ƙarfi, ya saurara, ya saurara, har sai abin da yake jira ya yi, sannan ya ce bismillah su taka. In sun sauka, kafin kowa ya saki gora sai ya sake ƙirgawa, yana dafa kawunansu ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya koma ya ɗauko na gaba.

Da kunne yake karanta hanya fiye da ido. Daga kukan inji yakan san kamiyo mai kaya da wanda ba shi da kaya, ya san wanda birkinsa zai kama da wanda ko matuƙinsa ya so tsayawa ba zai iya ba. Yakan ce kamiyo mai kaya a gangara kamar kogi ne a lokacin cika, ba a yi masa gardama, jiransa ake yi ya wuce. Sannu a hankali matuƙa suka san shi, har wasu kan rage gudu tun daga nesa su ɗaga masa hannu.

Wata rana a lokacin hutun yara na tambaye shi dalilin ƙirga ta biyu, tunda ga yaran nan a gabansa yana ganinsu. Sai ya gaya mini dokokin gidansu uku, waɗanda ya ce ba na dukan masu fito ba ne, na mahaifinsa ne. Ta farko, a ƙirga mutane wajen shiga, a ƙirga su wajen sauka. Ta biyu, mai tuƙi in ya kai tsakiyar ruwa ba shi da kunnen sauraron na bakin gaɓa, ko da uwarsa ce ke kira. Ta uku, wanda ya sauke mutane bai ƙirga ba har aka bar wani, sai ya aje gora, kuma ba ya sake ɗaukarta sai mai ɗan da aka bari ya miƙa masa ita da hannunsa. Ya ce ya ga wannan doka ta hau kan mahaifinsa sau ɗaya. Ɗan wani Bafulatani ya yi barci a ƙarƙashin tabarmi a cikin jirgi, aka sauke mutane ba a lura ba, aka koma da shi hayi. Yaron bai ko jiƙa ba, amma Isa ya zauna a bakin mashigi wata guda cur, har Bafulatanin ya dawo daga kiwo ya miƙa masa gorar. Na saurari labarin kamar yadda ake sauraron labarin mutanen da, ban kawo a raina zan ga irinsa da idona ba.

Shekarun farko abokan faɗansa ƴan kabu-kabu ne kawai. Daga baya salula mai shafawa ta cika gari, sai ƙorafinsa ya sami sabon gida. Yakan tsaya a bakin hanya yana lissafa mini abin da ya gani tun safe: ɗan koleji ya toshe kunnuwa da ƴan igiyoyi yana tafe a tsakiyar gudro yana kaɗa kai, mai kabu-kabu ya maƙale salula tsakanin kunne da kafaɗa ga mace da goyo a bayansa, wani alhaji ya tsaya cak a gaban amalanke yana dariya shi kaɗai. Yakan ce da can mutum in zai ƙetare hanya yakan duba dama da hagu, yanzu tafin hannunsa yake dubawa, sai ka ce can ne motar za ta ɓullo. Ni ma ina da nawa ƙorafin, domin saƙonnin da tsofaffin ɗalibaina ke aiko mini babu ɗigo babu waƙafi, amma nawa ba ya karya ƙafar kowa, don haka nakan bar masa fili.

Babbar abokiyar faɗansa ita ce Zuwera, mai sayar da masa a gindin dogonyaro, a hayin da yara ke taruwa. Ɗalibata ce a da, mai kaifin kai da kaifin baki. Mijinta yana fatauci a Yamai, ƴar'uwarta tana aure a Kamba, saboda haka yininta duka a aika vokal, wato saƙon murya, da sauraronsa yake ƙarewa. Takan ƙetare gudro da faranti a ka, ɗiyarta Nana goye a baya, salula a gaban baki kamar mai hura koko.

"Uwar Nana," in ji Sumana, "kamiyo ba ya jin vokal."

"Baba, ni a bakin gudron nan aka yanke mini cibiya. Kai ne baƙo, daga ruwa ka fito."

"Shi ya sa na san gwanin ruwa shi ruwa ke ci."

Haka suke kullum, masu sayen masa suna dariya. Sau ɗaya ne maganar ta wuce wasa. Wani mai kabu-kabu ya kusa kwashe ta, Sumana kuma ya ce mata a gaban jama'a in ta ƙudura mutuwa ta fara sauke goyon, domin shi bai yi wa kowa laifi ba. Zuwera ta riƙe wannan magana a ranta. Duk da haka, da ɗiyarta Nana ta isa shiga lakwal, gorar Baba Sumana ta kama kamar kowane yaro.

A lokacin na riga na aje aiki da shekara biyu, amma gidana yana bayan lakwal kuma ina cikin kwamitin iyaye. Ɗiyar Sumana, Sa'ida, tana aure a Yamai, ita ce ta aiko masa da salula. Da fari ya ce a mayar mata. Da aka nuna masa yadda zai danna ya ji muryarta, sai ya sa ta a aljihu. Sa'ida ta yi ɓari sau biyu a baya, wannan karon cikin ya kai watanninsa, har matar Sumana, Zainabu, ta tafi Yamai ta zauna da ita. Tun daga nan hannun Sumana bai yi nisa da aljihunsa ba.

Ran wata Talata da safe ya ɗauko yara goma sha huɗu. Ya ƙirga su a gindin dogonyaro, ya saurari hanya, suka taka. Suna tsakiya salular ta motsa a aljihunsa. Ya san tun daren jiya an kai Sa'ida gidan likita. Ya zaro ta da hannun hagu, ya danna, ya kara a kunne, muryar Zainabu ce tana cewa har yanzu dai shiru, a yi ta addu'a. Ƙafafunsa suka kai shi bakin ƙofar lakwal yana saurare, yara suka saki gora suka watse ciki, bai dafa kan kowa ba. Sai da ya juya don ya koma ɗauko na gaba ya hangi Nana tsaye a tsakiyar gudro, takalmi ɗaya a hannu. Ya zame mata ne, ta saki gora ta koma ta ɗauka. Wani kamiyo yana wucewa ta gabanta, wani mai kabu-kabu ta bayanta. Abin da ya tsare ta shi ne abin da Sumana ke nanata musu kullum, cewa wanda gora ta kuɓuce masa ya tsaya inda yake, kada ya ruga. Yarinyar ta tsaya ƙyam. Ya je ya ɗauko ta, ya sa mata takalminta, ta shige aji tana tsalle.

Babu wanda ya gani. Zuwera tana sunkuye a kan tanda, salula a kunne. Matuƙin kamiyon ya yi gaba abinsa. Nana kanta ba ta ɗauki abin a bakin komai ba.

Sumana ya gama ƙetarar da yaran safe, ya mayar da su da rana, ya sake kawo su, domin bai ga dalilin da zai sa a bar su a hayi ba tare da shiri ba. Da aka tashi da maraice ya shiga wurin direkta, Mushe Alasan, kamar yadda ake kiran malamai maza a wajenmu, ya faɗa masa abin da ya faru, ya ce daga gobe a nemi wani. Mushe Alasan mutum ne mai sauƙin kai. Ya ce masa ba abin da ya sami yarinyar, ba kuma wanda ya sani, ya je ya gode wa Allah ya ci gaba da aikinsa. Sumana ya yi godiya ya fito, ya zo gidana ya roƙe ni in raka shi wurin Zuwera, tunda ni ce malamarta. Ba zan ɓoye ba, abin da direkta ya gaya masa shi na gaya masa, har na ƙara da cewa tonon abin da Allah ya rufe ba hikima ba ce.

"Madam," ya ce, "in ƙirga ta ɓace yau aka yi shiru, gobe hannun nan zai koma aljihu. Na san shi, nawa ne."

Muka tarar da Zuwera tana jiƙa shinkafar masar gobe. Sumana ya tuɓe takalmi, ya durƙusa a ƙofar ɗakinta, dattijo mai furfura a gaban wadda ya haifi sa'arta, ya shimfiɗa gorar a ƙasa. Ya faɗi komai a jere, bai rage ba, bai kuma kawo zancen naƙudar ɗiyarsa a matsayin hanzari ba, ni ce na faɗi wannan. Ya bayyana mata dokar gidansu, ya ce gorar tana hannunta, in ta ga dama ta mayar masa, in ba ta ga dama ba babu mai tilasta ta.

Zuwera ta fara jawo Nana ta shafa ta tun daga ka har ƙafa, kamar raunin zai ɓullo a lokacin. Da ta tabbata lafiya lau take, sai tsoron ya juye fushi, fushin kuma ya tarar da tsohuwar magana tana jiransa.

"Ashe mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi. Kai ne ka ce in sauke goyo kafin in mutu, Baba. To ga shi na sauke na ba ka, ka bar mini ita a tsakiyar gudro kana jin vokal."

Ya ce gaskiya ta faɗa. Ta ce dama tana neman abin shanya, ta ɗauki gorar ta gitta ta tsakanin katanga da bishiyar mangwaro. Kafin mu fita ta riga ta rataya zannuwa biyu a kanta.

Washegari Sumana ya buɗe ƙofar lakwal, ya yi shara, ya zauna a kan benci a bakin ƙofa, hannuwansa a kan gwiwa. Direkta ya raba wa malamai aikin ƙetarar da yara bi da bi. Na ranar farko ya makara, na rana ta biyu ya tsaya a bakin hanya yana amsa kira, yara suka gaji da jira suka ruga. Iyaye suka fara gunaguni. Wasu suka ce tsohon ya cika taurin kai, ya yanki wata gora a kasuwa mana. Wasu suka ce Zuwera ce ta cika riƙo. Mai unguwa ya aika mata, limamin masallacinmu ya yi mata magana, ta ce ita ba ta kori kowa ba, shi ya kawo da kansa, ɗiyarta kuma ita za ta riƙa ƙetarar da abarta.

Haka ta yi. Ranar farko Nana kaɗai ta riƙe. Rana ta biyu maƙwabciyarta ta haɗa ta da nata biyu, tunda dai hanya ɗaya ce. Kafin sati ya ƙare, duk uwar da ta iso gindin dogonyaro sai ta tura nata wajen Zuwera ta juya. Yara suka riƙa kama gefen zanenta da gyalenta da hannun juna, tana tafe tana daka musu tsawa, masa kuwa tana ƙonewa a tanda. Ba ta da sauran hannun riƙe salula, sai ta riƙa soke ta a ƙugu. Daga baya ta gaya mini cewa a kwanakin nan ne ta fara sanin gudro yana da murya iri iri, ita da ta ce a bakinsa aka yanke mata cibiya.

A cikin haka Sa'ida ta sauka lafiya, ta sami ɗa namiji. Wannan ne jikan Sumana na farko ta wajenta, bayan jiran shekara shida. Kowa ya ɗauka zai tafi suna, tunda ga shi ba ya riƙe da komai, har direkta ya ba shi izini tun bai tambaya ba. Ya ƙi. Ya ce wanda ya aje gora ba ya barin bakin mashigi, kada mai ita ya zo miƙawa ya tarar ba ya nan. Ya aika da saƙon addu'a, ya zauna a bencinsa. Ranar sunan na gan shi ya sa farar rigarsa ta Juma'a, ko da yake Laraba ce, yana zaune yana kallon hayi, leɓunansa suna motsi. Na ɗauka tasbihi yake yi.

Da maraice na je na sami Zuwera na gaya mata yau ake sunan jikansa kuma bai je ba. Ban roƙe ta komai ba, na san ɗalibata, roƙo ƙara mata tauri yake yi. Ta ce ita ta hana shi? Na ce a'a. Ta ci gaba da wankin tandarta, ta daɗe tana goge gurbi ɗaya.

Ran Alhamis da safe yara goma sha biyu suka taru mata. Ta ƙirga su, domin zuwa lokacin ta koyi ƙirgawa ba tare da kowa ya ce ta yi ba. Akwai wani ƙarami da ya yi tuntuɓe yana kuka, ta saɓe shi a kafaɗa, suka taka. Suna tsakiya salularta ta ɗauki kiɗan da ta sa wa mijinta, wanda ya kwana uku bai kira ba. Ta ce mini ba ta san lokacin da hannunta ya saki na Nana ya tafi ƙugu ba, sai jin salular ta yi a cikin yatsunta. Ta sake ta da sauri ta cafko yarinyar, suka ƙarasa. A bakin ƙofa ta ƙirga, goma sha ɗaya. Ta sake ƙirgawa, goma sha ɗaya. Ta juya ta dubi gudro, kamiyoyi biyu suna giftawa, ba ta ganin hayi.

"Sha biyu ne, uwar Nana," in ji Sumana daga kan benci, bai ko ɗaga murya ba. "Ba ki sa na kafaɗarki ba."

Ta sauke yaron ta tsaya tana kallonsa. Sannan ta tambayi Sumana ko ƙirgawa yake yi. Ya ce tun ranar da ta fara, safe da rana da maraice, shiga da sauka. Ya ce gora aka karɓa, ba a hana shi ƙirga ba. Ashe abin da na ga leɓunansa suna yi ke nan ranar suna.

Zuwera ta koma wajen masarta. Ran Juma'a da sassafe, yara sun taru, sai ga ta da gorar a kafaɗa. Ta wanke ta, ta shafa mata man kaɗe a wurin riƙo. A ɗaya hannun tana riƙe da wani kwano mai murfi. Ta aika aka kira Sumana ya ƙetaro, ni ma aka kira ni in zama shaida. Ta riƙe gorar da hannu biyu, amma ba ta miƙa ba tukuna.

"Da sharaɗi, Baba. Kawo salularka."

Ya zaro ya ba ta. Ta sa a kwanon, ta zaro tata daga ƙugu ta ɗora a kai, ta rufe.

"Taka da tawa, nan za su zauna har yaro na ƙarshe ya shiga aji. Hannunka ba shi da amana, nawa ma na gwada shi jiya."

"Dokokin ubana uku ne," ya ce. "Yau mai masa ta ƙara ta huɗu."

"Ubanka bai ga salula ba. Karɓi, hannuna ya gaji, masata kuma ta ƙone kwana tara saboda kai."

Ta ɗan rusuna ta miƙa, ya karɓa da hannu biyu. Ya juya ta a tafinsa har yatsunsa suka sami gurbinsu, ya gitta ta, yara suka kama. Ya ƙirga goma sha biyar, ya saurari hanya, ya ce bismillah. A bakin ƙofar lakwal ya dafa kawuna goma sha biyar. Da aka tashi lakwal da maraice ya shiga motar Yamai, ya ga jikansa, wanda aka raɗa wa suna Isa, ya dawo ran Lahadi. Ko fito ɗaya bai rasa ba.

Ba zan ce garin ya gyaru ba, domin ban saba rubuta abin da ba haka yake ba. Har yau ƴan koleji suna tafe da kunnuwa a toshe, masu kabu-kabu suna tuƙi suna hira da wanda ba ya nan, Zuwera kanta da zarar an buɗe kwano takan rama vokal ɗin da ta rasa har da riba. Sumana kuma bai fasa ƙorafi ba, sai dai yanzu in ya lissafa masu laifi yakan rufe da cewa har da wani tsohon mai fito da ya sani. A lokacin da aka rufe gadar Malanbil, fito ya sake yin kasuwa a kogi, ƴan'uwansa suka aiko ya koma, ya ce musu yana da mashiginsa.

Wani lokaci nakan fita sayen masa da ƙarfe bakwai da rabi in zauna kusa da tanda. Kwanon yana nan a gindin dogonyaro, an ɗora masa dutse a murfi. Yakan yi ta kuka yana karkarwa a ƙasa, wani sa'in murya biyu a haɗe, masu saye suna tsokanar Zuwera cewa maigida ne daga Yamai. Ita kuwa idonta yana kan hayi, cokalin juyi a hannu, ba ta taɓa murfin sai ta ji tsohon ya kai ƙarshen ƙirgarsa.